Kason Likita

Sunana Ɗanlahadi, amma a garinmu Injiniya ake ce mani, don kawai an ga ina yawo da laftof a jaka. Ban taɓa tashi ba da labarin nan ba raina bai ɓaci ba. Sai dai tunda kowa ya ba da nashi, har da waɗanda ba su san ko a wane bango akwatin na'urar yake ba, bari ni ma in ba da nawa.

Garinmu yana can gefen Ruwan Godiya, ƙasar Faskari. Asibitinmu ɗaki huɗu ne da baranda. Likitan ƙarshe da ya zauna a ciki ya kwashe kayansa shekara biyar da suka wuce, lokacin da hanya ta zama abin tsoro, ko waiwaye bai yi ba. Aka bar mu da Malama Rukayya ungozoma, mace ɗaya da hannunta biyu. Ana nan sai wata ƙungiya ta zo da dabara: a kafa eriya a kan dogon ƙarfe, a jawo intanet, Malama Rukayya ta riƙa kiran likita a Katsina ta bidiyo, likita tana kallon mara lafiya tana faɗin abin da za a yi. Ni aka ɗauka in haɗa kayan, a asibitinmu da wasu biyu, ɗaya a ƙasar Ƙanƙara, ɗaya a Sabuwa.

Gaskiya ba don ƙungiya na yi aikin nan ba, don matata na yi shi. Alheri ta yi ɓari sau biyu cikin shekara huɗu. Wannan ne ciki na uku, kuma shi ne na farko da ya wuce wata shida. Ranar da nake saman ƙarfen eriya ina ɗaure waya, tana zaune ƙarƙashin darbejiya da cikinta a gaba, tana yi mani tsiya.

"Injiniya, ka ɗaure da kyau fa. Ɗanka ne zai fara hawa layin nan."

Intanet ɗin namu ɗan siriri ne, mega goma kacal. Duk abin da zai shiga ko ya fita sai ya bi ta wata na'ura mai ramukan waya ashirin da huɗu, suwic muke ce mata, tana cikin akwatin ƙarfe a bangon ofis. Ita suwic ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba. In ba ka faɗa mata ba, kiran likita da bidiyon rawa duk ɗaya ne a wurinta, wanda ya riga zuwa shi ke wucewa. Don haka na raba mata layi uku: layin likita, layin ofis, da layin jama'a, wato wayifai ɗin da masu jinya da 'yan gari ke kamawa a baranda. Na yanka wa likita shida cikin goma, ofis uku, jama'a ɗaya. Ma'anar shidan nan ita ce, in likita tana kan layi, ko garin duka ya hau, ba mai taɓa mata kasonta. In kuwa ba ta kan layi, kason ba ya zaman banza, kowa ya sha abinsa.

Da na yi wa babana bayani, sai ya ce, "Iri ke nan." Shi kowace kaka, kafin a zuba dawa a rumbu, sai ya zaɓi zangarniya masu kyau ya rataye daban, kuma ko yunwa ta kai ina ba a cin su. Tsohon da bai taɓa riƙe kwamfuta ba ya gane aikina cikin minti ɗaya.

Akwai abu na biyu game da suwic, ku riƙe shi. Tana da abin da ke kanta yanzu, tana kuma da abin da aka ajiye mata. In ka canza lamba, nan take za ta bi sabuwar. Amma in ba ka buga umarnin ajiyewa ba, ranar da wuta ta ɗauke ta dawo, da tsohuwar lamba za ta farka. Wannan ko ɗan koyo ya san shi a satinsa na farko.

Wata biyu abu yana tafiya sumul. Likita Fatima Zahra'u, wadda aka ba asibitinmu, tana fitowa a allo tas, har ƙyallin tabaraunta kana gani. Ita ce ta duba hoton cikin Alheri ta ce jaririn a zaune yake, ƙafa ƙasa, kai sama. Ta ce ba abin firgita ba ne, amma kada a haihu a ƙauye. Aka tsayar da rana, saura sati biyu haihuwa za mu kai ta babban asibiti a Funtuwa ta zauna can.

Sai aka ce za a yi bikin buɗewa.

Shugaban kwamitin asibitin shi ne Alhaji Muttaka. Kada wani ya ɗauka mugu ne, don da mugu ne da na samu sauƙi. Shi ya ba da filin da aka gina asibitin. Abokin babana ne tun suna kiwo, shi Musulmi babana Kirista, ba su taɓa sa-in-sa ba. A motarsa aka kai ni makarantar kimiyya ranar farko, da akwatina da buhun garin kwaki. Mutum ne mai son a ga garinsu ya fita kunya, shi ke nan.

Ana gobe biki ya shigo ofis da dattawan kwamiti su biyar, ina tsugune gaban akwati. Ni da iyayina na liƙa takarda a murfin akwatin, na rubuta kason kowane layi da manyan baƙi. Alhaji ya sa tabarau ya karanta.

"Ɗanlahadi, me nake gani haka? Jama'a ɗaya cikin goma?"

"E, ranka ya daɗe."

"Baƙinmu da za su taso tun daga Katsina da Kaduna, ɗaya za ka ba su? Ga yara za su watsa jawabi kai tsaye ta waya, 'yan garin nan na Abuja su gani. So kake hoto ya riƙa tsayawa a ce ba mu iya komai ba? Likita tana aiki gobe?"

"A'a, ranka ya daɗe, gobe Asabar."

"To, ba baƙi kasonta."

Amsar tana bakina. Tunda likita ba ta kan layi gobe, ai kason nata dama na baƙi ne, ba sai an taɓa komai ba. Magana ce da ba ta kai numfashi biyu ba. Amma ga dattawa biyar a tsaye, duk sun ɗauke ni a kafaɗa ina jariri, kuma mu a wurinmu yaro ba ya gyara wa babba magana a gaban mutane. Sai ka ce to, ka yi abin da aka ce, in an watse ka lallaɓa ka gyara. Haka na ga babana yana yi, haka na tashi ina yi.

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Na yi niyyar in daddanna banza in ce na yi. Ina! Alhaji ya jawo kujera ya zauna kusa da ni ya ce in nuna mashi. Bai san na'ura ba, amma lamba ba ta ɓace mashi. A gabansa na mayar da jama'a bakwai, ofis uku, likita sifiri.

"Gobe za a ta da janareto saboda lasifika," in ji shi. "Kai ka ce mani in wuta ta motsa tana mantuwa. Ba za ta manta wannan ba?"

Ni na koya mashi wannan da bakina, ranar da nake burga. Na buga umarnin ajiyewa yana kallo. Ya dafa kafaɗata ya sa mani albarka.

Biki ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. An yi jawabi, an yanka kirtani, an ci shinkafa. Mai gabatarwa, don neman tafi, ya karanta lambar sirrin wayifai a lasifika har sau uku, ya ce kyauta ce ga al'umma. Bayan la'asar, baƙi sun fara shiga mota, na zauna a bencin baranda na buɗe laftof. Na mayar wa likita shidanta, ofis uku, jama'a ɗaya. Na duba, lambobi sun hau. Saura ajiyewa. Yatsana yana kan madanni sai na ji murya daga rumfar manya.

"Ɗanlahadi! Zo ka gai da baƙi, ga shi nan, yaronmu ne ya haɗa komai!"

In babba ya kira ka, ba ka cewa bari in gama. Ko loma ce a hannunka sai ka ajiye. Ban ma yi tunani ba, na rufe laftof na miƙe da gudu. Na durƙusa na gai da wannan, na gai da wancan, aka ɗauki hoto ina washe baki, aka ce in raka wani mota, aka ce in taya kwance lasifika. Da gari ya waye Malama Rukayya ta kira likita don gwaji, hoto ya fito tas. Me zai tuna mani? Kwana tara komai lafiya, domin kwana tara wuta ba ta ɗauke ba.

A kwana na takwas na tafi Sabuwa gyaran eriyar asibitin can. Alheri ta rako ni bakin ƙofa tana dafe da ƙugu. Saura kwana shida mu tafi Funtuwa.

Ruwa aka yi ta yi a garinmu kwana uku, rana ba ta leƙo ba, batiran sola na asibitin suka zube da asuba. Malam Kamilu mai gadi ya ta da janareto da hantsi. Suwic ta farka da abin da na ajiye mata a gaban Alhaji: jama'a bakwai, ofis uku, likita sifiri. Ranar kuma kasuwar garinmu ce. Ruwa ya hana ciniki, 'yan kasuwa suka fake a barandar asibiti da shagunan da ke tsallaken hanya, kowa ya zaro waya, ga lambar sirri an ba su kyauta a lasifika.

A wannan safiyar naƙuda ta kama Alheri. Rafin da ke tsakaninmu da titi ya kawo, mota ba ta ƙetarewa. Ba Funtuwa, sai Malama Rukayya da allo.

Ƙarfe sha ɗaya da minti goma saƙonta ya shigo wayata, ina saman tsani a Sabuwa. "Injiniya, naƙudar Alheri ta tashi, ƙafa ta fara fitowa. Hoton Likita yana tsayawa, murya tana yankewa. Me zan yi?"

Na diro daga tsani, na buɗe laftof in shiga suwic daga nesa. Ta ƙi buɗewa. Na sake, ta ƙi. Hanyar da nake shiga daga nesa a layin likita na sa ta, don nan ne na ɗauka ba abin da zai taɓa. A nan na tuna bencin baranda, da yatsana a kan madanni, da muryar Alhaji. Wallahi sai da na zauna a ƙasa cikin laka.

Na rubuta mata: "A fasa ƙofar ofis, a fasa akwati, a zare waya mai launin shuɗi." Wannan wayar ce ke kai wa jama'a wayifai, in an zare ta layi ya zama na likita ita kaɗai. Saƙon ya yi minti shida kafin ya isa, domin wayar Malama Rukayya ma cikin cunkoson take, tana bin layi da masu kallon ƙwallo. Na hau babur.

Abin da ya faru ina hanya, Malama Rukayya ce ta faɗa mani daga baya. Ofis a kulle yake, akwati a kulle, makullan suna aljihun Alhaji tun ranar biki, don shi ne babba, shi ke riƙe makulli. Shi kuma ya tafi ta'aziyya Ƙanƙara tun kafin ruwa ya tsananta. Ta leƙa ta taga ta yi ihu kowa ya kashe waya. Na baranda suka kashe, Allah ya saka masu. Na shagunan tsallake ba su ji ba, ruwa yana dukan kwano. Ta ce da Malam Kamilu ya fasa ƙofar. Dattijo ne mai shekara sittin da wani abu, ya ɗauko gatari, ya tsaya gaban ƙofa, hannunsa ya ƙi ɗagawa.

"Ƙofar Alhaji fa, Malama. Bari a same shi a waya tukuna."

"Malam Kamilu, rai ne! Ka fasa, ni na ce!"

"Yanzun nan, yanzun nan zan dawo."

Ya ajiye gatari ya sheƙa cikin ruwa zuwa tudun bayan makaranta, inda nan ne kaɗai ake samun sabis na kira a garinmu. Ba na zaginsa. Me ya yi wanda ban yi ba? Ya yi rabin awa kafin ya samu Alhaji. Da Alhaji ya ji, cewa ya yi, "Subhanallahi! A fasa mana, me ake jira?"

Jikin jaririyar ya riga ya fito, kai ya maƙale. Malama Rukayya ta karɓi haihuwa ba adadi, amma irin wannan ba ta taɓa yi ita kaɗai ba. Ta ce Likita ta ɗaga hannu a allo za ta nuna mata inda za ta sa yatsu, ta ce, "Ki sa biyu a kan—" sai hoton ya daskare. Hannun likita a sama, yatsu biyu a miƙe, baki a buɗe. Ta ce ta yi ta kallon hannun nan tana roƙonsa ya motsa. Ta yi duk abin da ta sani da wanda ba ta sani ba. Da Malam Kamilu ya fasa ƙofa ya zare wayar, hoto ya dawo tas, murya ta fito sarai, amma abin da ya rage wa Likita shi ne ta nuna yadda za a tsayar da jinin uwar.

Na iso ƙarfe biyu saura, bayan samari huɗu sun ɗauke mani babur a ka sun ƙetare rafi. Alheri tana raye. Ɗiya ce, an naɗe ta a zanen da muka saya don ranar suna. Na buɗe na dube ta, ga gashi baƙi cike da kai, hancin babana sak.

Ban iya tsayawa a ɗakin ba. Na shiga ofis ta fasasshiyar ƙofa, na jona laftof da suwic. Ga shi nan a allo, likita sifiri. Na mayar da shida, uku, ɗaya. Na buga umarnin ajiyewa. Ban san abin da ya sa na ƙirga ba, amma na ƙirga. Daƙiƙa huɗu, ta ce ta ajiye.

Mun binne ta a bayan gonar babana, Fasto ya yi addu'a, ruwa yana yayyafi. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa. Kowa da abin da yake ɗora wa laifi: wani ya ce rafi, wani ya ce sola, wani ya ce 'yan kallon ƙwallo marasa imani. Wasu suka ce dama na'urar Bature ba abin dogaro ba ce. Na'ura kuwa ba ta yi laifin komai ba, abin da na ajiye mata shi ta yi.

Kwana biyu ina shirya maganar da zan faɗa wa Alhaji. Na rantse in ya shigo ba zan tashi ba. A zaune zan dube shi in ce mashi canjin da ya sa ni yi bai ƙara wa baƙinsa ko ƙwayar mega ba, don hoto da tafi aka kashe mani ɗiya. Na jera kalmomin, na maimaita su har na haddace.

Rana ta uku da hantsi ya yi sallama a zauren babana. Kafin in san abin da ake ciki ƙafafuna sun ɗaga ni, na matsa mashi tabarma, na durƙusa. Tir da ni.

Ya zauna ya riƙe hannun babana, idonsa ya yi ja, hawaye na gaske yake yi. Ya yi mana gaisuwa, ya ce Allah ya ba da haƙuri, Allah ya mayar da mai albarka. Sannan ya juyo gare ni.

"Malama Rukayya ta yi mani bayanin lambobin nan. Ashe ko ba a taɓa komai ba baƙi za su samu layi ranar?"

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Haba Ɗanlahadi. Ai da ka faɗa mani tun a ofis. Ni me na sani a kan na'ura? Kai ne mai ilimin."

Duk maganar da na haddace tana nan a bakina. Ga babana, ga Fasto, ga dattawa cike da zaure. Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Kuskurena ne."

Ɗakin da Alheri ke kwance bango ɗaya ne da zauren, duk ta ji. Da baƙi suka ragu na shiga na zauna a bakin gado. Tun ranar ba ta yi mani magana ba, ba ta kuma yi kuka a gabana ba. Nononta ya cika yana jiƙa mata riga, ta sa tsumma ta danne. Sai ta kira ni.

"Injiniya."

"Na'am."

"Abin nan da ba ka danna ba da aka kira ka. Minti nawa yake ci?"

Na so in yi mata ƙarya, in ce aiki ne mai tsawo. Na ce, "Daƙiƙa huɗu."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Ni wata takwas da sati ɗaya na ɗauke ta."

Sai aka yi sallama a zaure, muryar wani dattijo. Alheri ta juya fuskarta bango.

"Tashi," in ji ta. "Kada ka bar manya suna jira."

Na tashi.